Igiyar Aro da Ƙafar Kofur Yakubu

Ni dai wawa ne, kuma ban gano haka ba sai da furfura ta gama cinye kaina. Na fara da wannan ne don kada wani ya riga ni faɗa. Sunana Tanimu, sana'ata wanki da guga. Amma in ka shigo Suleja ka tambayi Tanimu mai wanki, da wuya ka sami mai nuna maka gidana. Ka ce Saje, ɗan acaɓa zai kawo ka har ƙofa, ya sara maka kyauta. To, ban taɓa zama saje ba. Ko kurtu ban taɓa zama ba. Makamin da na riƙe a rayuwata shi ne dutsen guga na gawayi.

Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban gama ba, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi haƙuri. Mai shi ma a karkace yake tafiya yanzu.

Ga yadda abin ya samo asali. Ina saurayi na yi shekaru ina wa sojoji wanki a bariki. Wata rana na goge kakin wani saje, igiya uku a hannun riga, sitaci ya kama, kari ya tsaya kamar bakin wuƙa. Na duba na ce wannan kaya ya fi ƙarfin a ninke shi haka kawai. Na sa a jikina, na zagaya ta bayan bariki wurin mai hoto, na ɗaure fuska, aka ɗauka. Kafin la'asar kaya ya koma wurin mai shi. Hoton ne ya biyo ni Suleja, na rataye shi a shago. Wani ya kawo wanki ya ɗaga kai ya ce, "A'a, ashe Saje ne?" Ni kuma sai na yi tari. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Tarin nan shi ne ƙaryata ta fari, sauran duk 'ya'yanta ne.

Matata Asabe ta san komai, don ina cikin kumfar sabulu ta aure ni. In na dawo gida ina taku ɗaiɗai, sai ta ce, "Sannu da dawowa daga fagen fama, Malam. Yau wando nawa aka kashe?" Amma a waje ba ta taɓa tona ni ba.

Akwai majalisar tsofaffin sojoji a gindin wata darbejiya kusa da tasha. Nan nake zama da yamma. Yaren bariki kuwa na fi wasunsu iyawa, don mai wanki yana jin abin da ko kwamanda ba ya ji. In an tambayi takarduna sai in ce gobara ta cinye, shi ya sa ba na bin fansho. Majalisar nan tana da doka ɗaya da ba a taɓa karyawa ba: komai da muƙami ake yinsa. In an kawo shayi, Samanja ne farko, sai masu igiya uku, sai masu biyu, sai ƙanana. Goro haka, benci haka, ko gawa za a ɗauka haka. Ba ruwan kowa da wanda ya riga zuwa.

Abokin darata a wurin shi ne Kofur Yakubu, mutumin Maje. Shi sojan gaske ne, an kai shi ƙetare ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji. Ba ya labarin yaƙi. Ni ne mai labarin yaƙi. Sai in zauna ina zuba yadda muka kutsa daji harsashi na wucewa ta gefen hulata, shi kuwa yana kallon gidan dara ya ce, "Saje, kai ke da wasa." Gidaje sun cinye gonakin Maje, saura 'yar gonarsa tsakanin katanga biyu, kuma da ita yake ci da iyalinsa.

Yanzu ciwon.

Makon farko. Ina guga da hantsi, garwashi ya faɗo daga dutse, na taka shi da ƙafar dama ban sani ba. Asabe ce ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, tsire kake gasawa ba ka kira ni ba?" Muka duba, ga garwashi manne a tafin ƙafata, ni ko a jikina. Maimakon in tsorata sai na yi alfahari. Da yamma na gaya wa majalisa cewa fatar soja ce, wuta ba ta kama ta. Ashe jijiyar ƙafar ce ta mutu tuni, ciwon suga ya daɗe yana cina ban sani ba. Duk mai karanta wannan, in ka taka wuta ba ka ji ba, kada ka ce tauri ne, ka nufi asibiti.

Mako na biyu da na uku na likitocin unguwa ne. Ƙanin Asabe ya ce zuma. Na sa, tururuwa suka gode. Mai kemis na bakin layi, wani ɗan kudu mai kirki, ya ce, "Oga Saje, buɗe wannan kafso ka zuba garin a ciki." Na zuba. Yayata ta taso daga Sabon Wuse da ƙullin turare, ta ce sammu ne, wani mai wanki ne ke baƙin cikin cinikina. Wane ciniki? Wani bakanike kuma ya rantse da man birki, ya ce ko saran adda yana ƙonewa ya bushe. Wallahi na sa. Na sa man birki a ƙafar da nake sallah da ita. Ramin da ya fara kamar kwabo ya koma kamar bakin kofi, yana ruwa, ga wari. Masu kawo wanki suka fara karɓar kayansu suna shinshinawa.

A mako na huɗu Asabe ta sa aka ɗora ni a keke napep zuwa babban asibiti. Mun isa ana gama sallar asuba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Layin kati daban, layin gwajin jini daban, layin biyan kuɗi ya fi kowanne tafiya da sauri. Likitan ya gaji, ni ma na ga ya gaji, ban zarge shi ba. Ya ce suga ne, ya ce in ramin ya kai ƙashi to sai dai a yanke. Aka rubuta mini allura da wankin ciwo kwana bibbiyu, kowane wanki da kuɗinsa. Asabe ta sayar da tunkiyarta, wadda take kiwo don layya.

Ana cikin haka Kofur Yakubu ma ya fara ɗingishi. Fartanya ce ta sare shi a ɗan yatsan ƙafa, shi ma ashe sugan ne. Muka zama gurgu biyu a kan dara ɗaya, ana yi mana dariya.

Mako na biyar ne Samanja ya kawo labari. Ya ce makarantar da ke koyar da likitocin soja za ta turo ɗalibanta su duba tsofaffin sojoji masu suga da gyambo a ƙafa. Bincike suke yi kan wata sabuwar hanyar warkar da rauni. Wanda aka ɗauka za a kwantar da shi a asibitinsu, magani kyauta, abinci kyauta. Amma gado goma sha biyu ne kawai a wannan zagayen, sauran sai an sallami na farko.

Na gaya wa Asabe. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Malam, na sojoji aka ce."

"To ni fa?"

"Kai ka san kai."

"Asabe, shekara nawa ina wanke musu datti? Ai ko ladan sabulu na ci gado ɗaya."

"In haka ne je ka ce musu kai mai wanki ne, su ba ka gadon masu wanki."

Ban kula ta ba. Ranar da za su zo na sa jamfa mai ruwan kaki, na goge ta da hannuna.

Motar makarantar ta zo da hantsi, aka kafa rumfa kusa da darbejiya. Tsofaffin sojoji suka fito daga Tafa, daga Sabon Wuse, daga inda ban san akwai su ba. Kofur Yakubu tun da sassafe yana wurin, shi ne mutum na farko da ya iso, ya ɗaure ƙafarsa da tsumma yana zaune bakin rumfar. Ni sai da na karya kumallo na zo. Aka fara dubawa, aka ware masu suga da gyambo gefe ɗaya, muka zama mu goma sha bakwai. Sai Samanja ya buga sandarsa ya ce, "Layi! Kowa ya san matsayinsa!"

Mutane suka jeru kamar yadda aka saba. Kofur ya tashi daga gaba, ya ja ƙafarsa ya koma baya. Mu masu igiya uku muka shige, ni ne na ƙarshe a cikinmu, shi ne na farko a masu igiya biyu. Wato yana bayana daf, har ina jin numfashinsa a ƙeyata.

Na iya lissafi daidai gwargwado, mai wanki dole ya iya ƙirga. Na ƙirga kawunan da ke gabana, goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Na san abin da hakan ke nufi sarai. Zuciyata ta ce, Tanimu, juya ka ce masa ya wuce. Wata zuciyar ta ce, in ka juya me za ka ce? Saje ba ya ba kofur wuri sai da dalili, kuma dalilin shi ne abin da ka shekara talatin kana rufewa. Ga kuma ƙafarka tana wari. Na kafe idona a kan hular wanda ke gabana, ban waiwaya ba.

Wadda ke rubuta sunaye ɗaliba ce 'yar shekarar ƙarshe, cikin kaki, da abin sauraron ƙirji a wuya. Likita Binta ake ce mata, ko da yake ta ce mini ba ta zama likita ba tukuna. Ta ce, "Baba, lambarka ta aiki?" Na ce gobara. Ta ce, "Takardar sallama fa?" Na ce gobarar dai. Ta dubi Samanja, ya ce, "Namu ne, Saje ne, kowa ya san shi." Ta dubi ƙafata, ta ce, "To, zan sa ka, amma a nemo mini wata shaida daga baya." Ta miƙo mini kati na goma sha biyu. Kofur ta rubuta shi a na jira, shi ne na farko. Ya karɓi 'yar takardarsa, ya sara mini, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Saje."

Aka kwashe mu a mota muka bi hanyar Kaduna.

Asibitin nan, in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin inda aka kula da ni haka ba. Zanin gado fari, kuma an goge shi, ko da yake gugar inji ce, ba ta da rai. Aka kankare ruɓaɓɓen naman, aka manna mini wani abu kamar soso da roba da 'yar na'ura mai tsotse ruwan ciwo dare da rana, tana gurnani kamar kyanwa. Amma kuma akwai abin ƙorafi. Tuwon da ake ba mu bai kai dunƙulen hannun jariri ba, sai ganye kamar mu awaki ne. Shayi babu sukari. An hana ni taka ƙafa ko zuwa bayi sai a keken marasa lafiya. Ga ɗalibai, da safe su yi faretinsu a fili muna jin takunsu, kafin ka gyara kwanciya sun zagaye gadonka su takwas, kowa da littafi, babbansu wani Kanar mai gilashi yana nuna ƙafarka da biro kamar ana cinikin rago. Wanda ya kasa amsa tambaya sai ya ƙame kamar an dasa shi. Na tausaya musu. Yaran nan soja suke koyo da likita a lokaci guda, ga bulala ga allo.

Likita Binta ce ke da gadona. Kullum sai ta auna ramin da wani ɗan ma'auni, ta ɗauki hoto, ta rubuta. Sannan ta ja kujera ta yi ta tambaya. Shekara nawa ka yi kana sa but, takalmin soja? Na ce ashirin da biyu. Tafiyar ƙasa mafi tsawo da ka yi? Na ce kwana tara ba tsayawa. Ka taɓa samun rauni a ƙafar nan? Na nuna mata wani tabo a ƙwauri na ce ɓaraguzan bam ne. Tabon nan jaki ne ya harbe ni ina yaro. Duk ta rubuta, da kyakkyawan rubutu.

Wata rana na ce, "'Yata, wai duk wannan rubutu na mene ne? Ba dai ciwo ya warke ba shi ke nan?"

Ta ce, "Baba, soja yana daji, tsakaninsa da asibiti kwana biyu. In ya ji rauni a ƙafa, wanda ke tare da shi irina ne, da jaka ɗaya. Muna so mu san ƙafar da ta shekara cikin but yaya take warkewa, me ke taimakonta, me ke ɓata ta. Abin da ka gaya mini, da shi za a koya wa na bayana. Da shi za a yi wa wani magani."

Na ce, "Madalla." Tuwon ranar, duk ƙanƙantarsa, ban iya cinyewa ba.

A mako na biyu a can, ramin ya fara ja, nama na tasowa. Ina jin daɗi, bakina ya buɗe. Ta shigo da safe, na dubi kakinta na kasa haƙuri. Na ce, "Likita, wa ya goge miki rigar nan? Ya cuce ki. Ya sa dutse tun sitaci bai sha iska ba, shi ya sa take ƙyalli a kafaɗa. Kuma karin hannu daga ɗinkin kafaɗa ake faro shi, a juya rigar a bi ta ciki tukuna." Na yi ta zuba, har da yadda ake yayyafa ruwa da baki. Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Baba, ka san guga haka?" Na ce, "Ai soja komai ya iya." Ta yi murmushi, amma ranar ta daɗe tana juya ƙafata mai lafiyar, tana duba farce, tana duba tsakanin yatsu.

Ranar ziyara Asabe ta zo, ta sha hanya, ta kawo zogale. Ta jira har na gama yabon asibiti, sannan ta sunkuyo.

"Matar Kofur ta zo gida. Yatsan mijin nata ya yi baƙi, ya hau na kusa da shi. Sun je babban asibiti sau biyu, an ce a kawo kuɗin aiki, suna jiran dillali ya sayi rabin gonar. Kullum yana tambaya ko an sallami wani a nan."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe."

"Malam."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Gadon nan da kake kai, sunan wa ke jikinsa?"

"Asabe, saura kaɗan in warke. In na yi magana yanzu su cire na'urar nan, ni ma a yanke tawa? Mako ɗaya kawai."

Ta tashi ta ɗaure mayafinta. Ta ce, "Shekara talatin ina dariyar ƙaryar nan, na ɗauka wasa ce. Ashe ni ma da hannuna a ciki." Ta tafi ba ta ɗauki kwanonta ba.

Ina so in rubuta cewa washegari na kira likita na faɗi gaskiya. Da labarin ya fi daɗi. Ban yi ba. Kwana shida na ƙara ina kwance, ina cin ganye, na'ura na gurnani. Kama ni aka yi.

Likita Binta ta zo da rana ita kaɗai, ta ja labule ta zagaye gadon. Ta ce ta aika sunana ofishin da ke ajiye sunayen duk wanda ya taɓa sa kaki, an duba sau biyu, babu. Na buɗe baki zan ce gobara, ta ɗaga hannu.

"Baba, ƙafa ba ta ƙarya. Na ga ƙafafun sojoji da yawa a ɗakin nan. But yana matse yatsu, yana barin kanta a diddige da bayan yatsa, har mutum ya mutu ba ta gogewa. Taka yatsunta a baje suke, farcen ya ci ruwa, tsakaninsu ya sha sabulu. Wannan ƙafar a ruwa ta yi aikinta. Gaya mini da bakinka."

Na gaya mata. Hoton, tarin, jakin, duka. Ina jira ta yi faɗa. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Sai ta ce, "Wanki ai sana'a ce, Baba. Me ya sa?" Sannan ta buɗe littafinta, ta bi shafukan da ta cika da sunana, mako uku na awo da hoto da tambaya, ta ja layi a kan kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa. Ina jin ƙarar biron.

Da safe Kanar ya zo da ɗalibansa. A gabana, a gaban kowa, ya sa ta ƙame. Ya ce ta sa mutum a bincike ba shaida, don tausayi. Ya ce, "Tausayi a gado ake yinsa, ba a littafi ba. Lamba ɗaya ta ƙarya tana iya kashe sojan da ba ki taɓa gani ba." Ta ce, "Na'am, ranka ya daɗe," idonta na kallon bango. Daga baya na ji cewa aikin da za ta miƙa don kammala karatu sai da aka ɗaga shi wata shida, 'yan ajinta suka riga ta. Ni kuwa sai da Kanar zai wuce ya dubi gadona. Ya ce, "A mai da shi ɗakin farar hula. A ci gaba da yi masa magani, a bar masa na'urar. Mara lafiya ne." Abin da na ji tsoro har na yi shiru kwana shida, ashe ba zai ma faru ba.

Aka tura ni a keke ta gaban gadaje goma sha ɗaya. Wani tsohon saje daga Tafa, wanda muke raba goro a ɓoye, ya juya fuskarsa bango.

A ranar aka buga waya Maje. Washegari aka kawo Kofur Yakubu, aka kwantar da shi a gadon da na bari. Likita Binta da kanta ta zo ta gaya mini, don na roƙe ta. Ta ce baƙin ya wuce idon sawu, na'ura ba ta da abin da za ta tsotsa kuma. Kwana biyu bayan nan aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Na tambaye ta, da an kawo shi tun ranar farko fa? Ta ce, "Ba na duba abin da Allah bai nuna mini ba, Baba." Amma ba ta ce a'a ba, kuma ita ba mai ƙarya ba ce.

Mako biyu muka yi a asibiti ɗaya, tsakaninmu baranda ɗaya. In na ji ƙarar keke a baranda sai in ja zani in rufe kai, in yi kamar barci. Likita Binta ba ta fasa zuwa wanke mini ciwo ba, ko da yake yanzu ba na cikin littafinta. Hannunta bai canja ba, bai ƙara nauyi ba. Ranar sallama na ce ta yafe mini. Ta ce, "Nawa mai sauƙi ne, wata shida ne. Ka duba ƙafarka kullum da madubi, kada ka sake tafiya ba takalmi." Ɗan yatsa ɗaya kawai na rasa, ƙaramin.

Ɗakin farar hula ba kyauta ba ne, injin markaɗen Asabe ya bi tunkiya. Na dawo gida na sauke hoton daga bango. Asabe ta cire shi ta sa kalandar sallah a cikin firam ɗin. Majalisa ban koma ba. 'Yan acaɓa har yanzu Saje suke cewa, na gaji da gyara musu, wasu ma sun ɗauka sabuwar barkwanci ce.

Sai da na yi wata biyu ina ɗaura niyya ina kwancewa, sannan na sayi goro na hau mota zuwa Maje. Na sami Kofur a ƙofar gida kan tabarma, sanduna biyu jingine da bango, ƙafar wandon an naɗe an soke da fil. Gonar tana gabansa, ciyawa ta kai ƙugu, an riga an sauke bulo a gefe ɗaya. Ya gan ni ya ce, "A'a, Saje! Maraba. Uwargida, kawo ruwa, a kawo dara."

Na durƙusa, da ƙyar. Na ce, "Kofur, kada ka ƙara kirana haka. Ni ba soja ba ne. Mai wanki ne. Ban taɓa..."

Ya ce, "Ɗaga murya, wannan kunnen ya tafi."

Sai da na maimaita da ƙarfi, har matarsa ta ji daga cikin gida, har masu aikin bulo suka ɗago. Ya ɓare goro, ya ba ni rabi.

Ya ce, "Tanimu, ai na sani. Tun ranar da ka fara zama a majalisa. Ka ce da jirgin ƙasa aka kai ku ƙetare. Kuma wanda ya ga abin nan da idonsa ba ya ba da labarinsa da daɗi haka."

"Ka sani? Shekara nawa?"

"Duka. Samanja ma ina jin ya sani. Kana sa mu dariya, kuma ba ka cin fanshon kowa. Shayi ne kawai kake riga ni sha, shayi kuwa ba ya ƙarewa."

Na ce, "To ranar layi fa? Me ya hana ka magana? Kalma ɗaya za ka faɗa a fitar da ni."

Ya jera 'ya'yan dara a ramukansu, nasa da nawa, a hankali, bai dube ni ba.

Ya ce, "In tona ka a gaban yaran nan? A'a. Ni ma na ƙirga kawunan, Tanimu. Na tsaya ne a bayanka ina jira ka waiwayo."